Yadda Ake Riƙon Kare Mai Tsoro a Nan Ingila

Malam, ka tambaya ko da gaske ne a nan mutum yakan ɗauko karen da ba nasa ba ya ajiye a gida na ɗan lokaci, yana lallashinsa. Gaskiya ne, kuma aiki ne mai tsari. Akwai ƙungiyoyin da suka daɗe suna tattara karnukan da aka yasar ko aka ƙwato daga hannun masu azabtar da su: RSPCA tun 1824, gidan Battersea na Landan tun 1860, sai Dogs Trust tun 1891. Gidajensu suna da tsafta da abinci, amma ga haushi dare da rana, ga baƙin fuska kullum. Kare mai tsoro ba ya warkewa a irin wannan wuri, sai dai ya ƙara lalacewa, ya maƙale a lungu, babu mai sha'awar ɗaukarsa. Shi ya sa ake ba da shi riƙo. Karen yana nan mallakar ƙungiya, galibi ita ke biyan abinci da kuɗin likita, kuma sai ta duba gidan mariƙi da shingensa kafin ta miƙa shi.

Cikin 'yan uwanmu da ke zaune a nan ba kowa ke yi ba, saboda abin da ka sani game da ajiye kare a cikin gida. Masu yi suna ɗaukarsa jinƙai ne ga dabbar da ke cikin wahala, suna tuna hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sukan ware masa ɗakin baya mai fita zuwa tsakar gida, nesa da wurin salla, da kwanoninsa daban.

Ba kowane kare mai tsoro ne aka taɓa duka ba. Kwikwiyo yana da wani ɗan lokaci, daga mako 3 zuwa wajen mako 12 da haihuwa, da yake sabawa da duniya. Wanda ya yi waɗannan makonni a kulle, ko a titi kamar yawancin waɗanda ake kawowa daga Romaniya, sai ya girma bai san matakala ba, bai san ƙarar injin wanki ba, hannun mutum ma baƙo ne gare shi. Wani kuma gado ya yi daga uwarsa. Wanda aka azabtar, shi ne dai aka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: ɗaga tsintsiya kawai ya isa ya sa shi fitsari.

Kwanakin farko, babban aikin mariƙi shi ne ya ƙyale shi. A ba shi ɗaki guda marar hayaniya, da keji a buɗe wanda aka lulluɓe samansa da gefensa da bargo, ruwa da abinci kusa da bakin kejin don kada ya ratsa fili kafin ya ci. Ba a zura hannu a kejin, ba a jawo shi waje, ba a kiran maƙwabta su zo gani. A riƙa ba shi abinci sau biyu a rana a lokaci guda, irin wanda yake ci a gidan ƙungiya, domin sauya abinci farat ɗaya yana kawo gudawa. In za a sauya, a gauraya a hankali cikin mako guda. Zai iya ƙin ci a gaban mutum, sai dare ya raba. Wannan ba komai. Amma in ya kai kwana biyu bai ci ba, ko yini guda cur bai sha ruwa ba, a kira likitan dabbobi. Masu aikin suna da wani ƙiyasi: kwana uku ya huce, mako uku ya gane tsarin gidan, wata uku ya saki jiki. Ƙiyasi ne kawai, mai tsananin tsoro yakan wuce haka sosai.

Haɗarin da ya fi kowanne a makonnin farko shi ne gudu. Karen da ya razana yana iya zame kansa daga abin wuya ta baya cikin ƙiftawar ido. Don haka ake sa masa igiya biyu, ɗaya a abin wuyan da ke ɗan tsukewa in ya ja amma ba ya shaƙewa, ɗaya a ɗamarar jiki mai maɗauri na uku a bayan haƙarƙari. Ko a tsakar gida, a bar masa doguwar igiya ta mita 5 zuwa 10 tana jan ƙasa. Shinge ya kai mita 1.8, a duba ƙasansa kuma, don wasu haƙa suke yi. Doka ta wajabta sa wa kowane kare 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata tun Afrilun 2016, kuma dole ya sa abin wuya mai sunan mai shi da adireshinsa in ya fita. In ya kuɓuce, kada a bi shi da gudu ana kira. Bin sa yana ƙara nisanta shi, ya faɗa titi. A sanar da ƙungiya nan take, a ajiye abinci da bargonsa inda aka gan shi na ƙarshe.

Kare yana faɗin tsoronsa tun kafin ya yi cizo, sai dai a ƙi kula. Yana lasar leɓe ba abinci, yana hamma ba barci, yana haki ba zafi, ya kau da kai farin idonsa ya bayyana, kunnuwa a kwance, wutsiya a tsakanin ƙafafu. Daga nan sai ya sandare. Sandarewar nan ita mutane ke ɗauka biyayya ce, alhali ita ce matakin da ke gab da cizo. Gurnani kuwa, ina roƙo kada a taɓa hukunta kare a kansa. Gargaɗi ne yake yi. In aka dake shi ya daina, tsoron yana nan, abin da aka cire kawai shi ne gargaɗin, gobe sai cizo ba sallama.

Horon kansa yana tafiya ne da tazara da abinci. Mariƙi ya zauna a ƙasa, gefensa ga karen, ba ya kallon ƙwayar idonsa, yana karatu ko wani abu nasa. Lokaci-lokaci ya jefa ɗan guntun dafaffen naman kaza, kamar girman farcen ƙaramin yatsa. A nan akwai wata dabara da sababbi ke kuskurewa. Suna riƙe naman a hannu don su jawo shi. Yunwa ta kawo shi kusa fiye da yadda zuciyarsa za ta ɗauka, ya karɓa, ya ɗaga kai ya ga mutum a kansa, ya firgita. Abin da ya dace, a jefa naman bayansa. Ya juya ya ci, ya sami sarari, sannan shi da kansa ya zaɓi ya dawo. Kowace dawowa da son ransa tana da amfanin da jan igiya sau ɗari ba zai ba da ba.

Haka ake yi da duk abin da yake tsoro, mota ce ko baƙo. A nemi nisan da yake ganin abin amma har yanzu yana iya cin abinci. In ya ƙi ci, an matso da yawa, a koma baya. Tsarin ma yana da muhimmanci: abin tsoron ya fara bayyana, sannan nama ya biyo, in abin ya wuce nama ya tsaya. In aka juya, nama ya riga zuwa, sai ya koyi cewa nama alamar masifa ce, ya daina amincewa da shi. Minti 3 zuwa 5 sun isa zama guda, sau biyu ko uku a rana, kuma a rage abincinsa na yau da kullum gwargwadon abin da ya ci a horo. Ranar da ya nemi a taɓa shi, a shafa ƙirji ko kafaɗa na daƙiƙa uku, ba saman kai ba, a janye hannu. In ya matso a ci gaba, in ya tafi a bar shi.

Abin da ya fi ɓata aiki shi ne tilasta masa, a ja shi cikin taro wai ya saba. Zai yi shiru, amma shirun fid da rai ne, irin wanda masanin halayya Martin Seligman ya nuna a gwajinsa kan karnuka a 1967. Abin wuya mai ba da shokin lantarki ma haka, Wales, maƙwabciyar Ingila a cikin Birtaniya, ta haramta shi tun 2010. Sai kuma taruwar firgici: safe mai kawo wasiƙa ya buga ƙofa, rana an yi masa wanka, yamma yaro ya rungume shi, sai ya ciji yaron a ce ba dalili. Dalilin ya taru ne tun safe. Bayan rana mai wahala a ba shi kwana ɗaya ko biyu ba fita, ya yi barci, don babban kare yana buƙatar wajen awa 12 zuwa 14 a rana. Yara kuwa ba a barinsu da shi su kaɗai ko na minti ɗaya.

In makonni suka wuce ba ci gaba, a koma wurin likita. Ciwon haƙori, kunne ko gaɓoɓi yakan ɓuya a bayan tsoro. Likita na iya rubuta magani irin fluoxetine, wanda yake ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsa, kuma ba ya maye gurbin horo, yana rage fargaba ne har karen ya iya koyo. Kasancewar wani kare mai natsuwa a gidan ma tana taimakawa ƙwarai, don mai tsoron yakan bi bayansa. Daren 5 ga Nuwamba da na sabuwar shekara, da ake wasan tartsatsin wuta, a fitar da shi tun da haske, a rufe labule, a kunna rediyo.

Idan ya fara cin abinci a gaban mutane, yana barci a miƙe a tsakiyar ɗaki, kuma yana farfaɗowa cikin 'yan mintuna bayan ya razana, ƙungiya takan fara nema masa gida na dindindin. Mariƙi ya rubuta komai ba ɓoye-ɓoye: abin da yake tsoro, nisan da yake jurewa, ko ya taɓa cizo da abin da ya jawo. Masu ɗauka sukan zo su gan shi sau biyu ko uku tukuna, a ba su bargonsa ba a wanke ba, a kuma gaya musu cewa zai ɗan koma baya a sabon gida, su fara da ɗaki guda da igiya biyu kamar yadda aka fara.