Allurar rage ƙiba tana maganin kitsen hanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 47, ina fama da ciwon suga, ina shan metformin da glibenclamide. An yi mini hoton ciki aka ce hantata ta tara kitse. Ƙawata ta ce in nemi allurar Ozempic, wai tana maganin suga da ƙiba da hanta gaba ɗaya. Zan iya sayowa a kemis in fara? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ƙawarki ta faɗi gaskiya, sai dai ta tsaya a rabin hanya.

Sinadarin da ke cikin allurar sunansa semaglutide, kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmark ke yin sa. Yana fitowa da sunan Ozempic don ciwon suga, da kuma Wegovy don rage ƙiba. Yana rage sha'awar abinci, yana sa abinci ya jima a ciki, yana kuma taimaka wa jiki fitar da insulin idan suga ya hau. A watan Agustan 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da Wegovy ga masu kumburin hanta saboda kitse, waɗanda hantarsu ta fara tabo amma ba ta kai ga ƙandarewa ba. A gwajin da aka dogara da shi, bayan mako 72 kumburin ya baje a kusan kashi 63 cikin ɗari na waɗanda suka sami maganin, a kan kashi 34 na waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki. Tabon kuwa ya ragu a kashi 37, a kan kashi 22. Kin ga ke nan kumburi ya fi tabo jin magani.

To abin da za a fara sani shi ne ko hantarki ta yi tabo, kuma hoton ciki ba ya nuna wannan sosai. Ki nemi gwajin jini na ALT da AST (sinadaran hanta) da platelet (ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare). Da su da shekarunki likita zai fitar da lissafin FIB-4, ma'aunin da ke nuna yiwuwar tabo a hanta. Idan bai kai 1.3 ba, da wuya a sami tabo mai tsanani. Idan ya haura, sai a tura ki FibroScan, na'urar da ke auna taurin hanta. Lallai kuma a gwada ki ciwon hanta nau'in B da C, domin na B ya yi yawa a ƙasarmu, kuma kitse kan ɗauke hankali daga gare shi har ya yi ɓarna.

Idan likita ya ɗora ki a kai, sau ɗaya ake yi a mako, a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya. Idan Wegovy ce, ana farawa da miligiram 0.25, bayan kowane mako huɗu a ƙara zuwa 0.5, sai 1, sai 1.7, a tsaya a 2.4. Masu gaggawar tsallake mataki su ne suka fi kwana da amai da gudawa, wasu har ruwan jikinsu ya ƙare ƙoda ta taɓu. Ki rage yawan abin da kike ci a zama ɗaya, ki sassauta soye-soye.

Inda na fi jiye miki shi ne glibenclamide. Haɗa shi da wannan allura na iya kayar da suga ƙasa warwas, da rawar jiki da zufa har suma, don haka galibi sai an rage shi. A duba miki idanu kafin ki fara, domin saukar suga da sauri kan tsananta lalurar ido ta masu suga. Ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya, ki dakatar da allura ki tafi asibiti, yana iya zama kumburin fankiriyas (gaɓar da ke samar da insulin) ko tsakuwa a matsarmama. Mai juna biyu ba ta yi, mai neman haihuwa kuma ta daina wata biyu kafin nan.

Batun kemis kuwa, ban ba ki shawara ba. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic, an kuma taɓa kama wasu jabun allurai da insulin a cikinsu. Na gaskiyar ma yana son firiji mai sanyin digiri 2 zuwa 8, ba tare da ya daskare ba, ga kuma halin wutarmu da zafin bazara. Ki lissafa kuɗin tun yanzu, don magani ne na dogon zango: waɗanda suka daina sukan maido da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar cikin shekara guda.