Kunnena kan yi zafi idan na daɗe ina waya

Tambaya: Malam, idan na daɗe ina waya kunnena kan yi zafi har ya yi ja. Wani abokina ya ce jikina ne ke zuƙe tururin da wayar ke fitarwa, wai in sayi sitikar da ake mannawa a bayanta. In saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka. Abokin naka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Waya tana magana da eriyar sabis ne ta igiyoyin rediyo, kuma jikin ɗan Adam, da yake fiye da rabinsa ruwa ne, yana shanye wani kaso na igiyoyin ya mai da su zafi. Haka na'urar ɗumama abinci ta maikurowef ke aiki, sai dai ita ƙarfinta kan kai wat 800 ko 1,000 a cikin rufaffen akwati, ita kuwa waya ko ta ƙure ba ta wuce wat 2.

Akwai ma'aunin abin da jiki ke shanyewa, ana ce masa SAR. A Amurka doka ta tsayar da shi a wat 1.6 kan kowane kilo na tsoka, a Turai kuma wat 2. A wayoyin Android da yawa in ka danna *#07# za ka ga na taka.

Zafin kunnen naka kuwa, yawancinsa daga batir ne da injin wayar da suka ɗau ɗumi, ga shi ka danne kunnen ka hana shi shan iska. Ko kasasshiyar waya ka kara na rabin awa a zafin Afrilu, sai kunnen ya yi gumi.

Abin da ya fi ba ni haushi game da sitikar nan shi ne tana iya jawo akasin abin da aka saye ta dominsa. Waya tana ƙara ƙarfin igiyoyinta ne duk lokacin da sabis ya yi rauni. In sitikar ta tare wani abu da gaske, wayar za ta ƙara yunƙurawa, caji ya ƙare da wuri. Haka take yi a ƙuryar ɗaki, inda bangon siminti ke shanye sabis, rufin kwano kuma ya mayar da shi baya.

In hirar mai tsawo ce, fito tsakar gida inda sabis ya cika, ka sa iyafis ko ka buɗe sifika. Tazarar taƙi ɗaya tsakanin waya da kai tana rage abin da ke shiga jikinka ƙwarai.