Kafin ka tura kuɗi kan Chevelle LS6 ta 1970

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni dillalin motoci ne, na daɗe ina sayen motoci a gwanjon Amurka ina turo su Kwatano da Legas. Wani abokin hulɗata a jihar Ohio ya haɗa ni da wani dattijo da ke son sayar da Chevrolet Chevelle SS ƙirar 1970, ya ce irin mai injin LS6 ce, wato inji mafi ƙarfi da aka sa wa Chevelle a shekarar. Dala 95,000 yake nema. Abokin nawa ya ce in na saya zan iya mayar da ita gwanjon tsofaffin motoci a can in sami riba mai kauri. Na ga hotuna da bidiyo, mota sai sheƙi take, ga tambarin SS 454 a jikinta. Na sa lambar VIN, wato lambar shaidar motar, a Carfax, shafin binciken tarihin mota, bai nuna mini komai ba. Ana so in tura kafin alƙalami na dala 10,000 cikin makon nan, kuma rabin kuɗin na abokan jarina ne. Ta yaya zan tabbatar ta gaskiya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka tura ko dala ɗaya a makon nan. Ban ce dattijon maƙaryaci ne ba, mai yiwuwa ma shi kansa a haka ya saya, a haka kuma ya yarda. Abin da ke damuna shi ne motar da aka kawo maka tana cikin waɗanda suka fi wuyar tantancewa a duk tsofaffin motocin ƙarfi na Amurka, kuma abubuwan da ka gani a hoto ba sa cikin abin da ke ba ta daraja.

Carfax ɗin da bai nuna komai ba, kada ya tayar maka da hankali, kada kuma ya kwantar da shi. Tsarin VIN mai gurbi 17 da ka saba da shi a 1981 ya fara, kuma daga nan Carfax yake aiki. Chevelle ta 1970 gurbi 13 lambarta take da shi. Ga yadda ake karanta ta: 1 na nufin Chevrolet, 36 na nufin Malibu mai injin silinda takwas, 37 mai ƙofa biyu da rufin ƙarfe, 0 shekarar 1970, sai harafin masana'antar da ta harhaɗa ta, kamar B na Baltimore ko K na Kansas City, sannan lambobi shida na jeri. Duba da kyau, babu inda ta ce SS, babu inda ta ce LS6. Daga 1966 zuwa 1968 SS 396 tana da lambarta ta kanta mai farawa da 138, a 1972 kuma kamfanin ya soma sa harafin inji a cikin VIN, amma 1970 ta faɗa a tsakiya. A shekarar, SS ƙari ne da mai saye ke zaɓa a ɗora wa Malibu. Ga amfanin da lambar ita kaɗai za ta yi maka: idan ta fara da 135, da silinda shida motar ta fito, ba ta taɓa zama SS ba, ciniki ya mutu nan take.

Wannan giɓin ne ya buɗe ƙofar kwaikwayo. Chevrolet ya ƙera motoci 4,475 masu injin LS6 a 1970, har da El Camino mai bodin ɗaukar kaya a cikin lissafin. Malibu kuwa dubban ɗaruruwa aka yi. Tambarin SS, bonet mai tudu, ratsin fenti, agogon gaban direba, duka ana ƙera sababbinsu yau ana sayarwa a intanet. Gwanin gyara zai ɗauki Malibu, ya dasa mata injin 454, ya yi mata kwalliyar SS, har wanda ya daɗe a harkar ya tsaya yana kallo. Yin haka ba laifi ba ne in an faɗi gaskiya wajen sayarwa, kuma irin waɗannan motoci suna da kasuwarsu. Sai dai kuɗinsu bai kama ƙafar na asali mai cikakkun takardu ba, wadda ke wuce dala 100,000 da nisa in tana da kyau. Farashin da aka yanka maka ya yi wa ta kwaikwayo yawa, ya kuma yi wa ta asali araha. Wannan kaɗai ya isa ka tsaya ka yi tambaya.

Da Ford ce da aikin ya zo da sauƙi, domin daga ƙirar 1967 zuwa sama ana sayen rahoton Marti, wanda ake ciro shi daga bayanan kamfanin, ya gaya maka injin da motar ta fito da shi. Masu Pontiac GTO suna da PHS da ke ba da kwafin takardar kamfani. A Dodge da Plymouth na 1970 gurbi na biyar na VIN yana faɗin inji, R shi ne injin Hemi 426. Chevelle da aka ƙera aka sayar a Amurka ba ta da ofishin da za ka rubuta wa ya ce maka ga abin da aka sa mata. Waɗanda aka ƙera a Kanada ko aka sayar a can ne kawai suke da irin wannan bayanin a ajiye. Saboda haka hujjar tana jikin motar da kuma takardun da suka biyo ta.

Babbar takarda ita ce ta harhaɗawa, wadda suke kira build sheet. Ita ce ke bin mota a layin masana'anta tana gaya wa ma'aikata abin da za su ɗaura, kuma sau da yawa sukan cusa ta a cikin motar su bar ta: cikin wayoyin kujerar baya, ƙarƙashin kafet, bayan murfin ƙofa ko saman tankin mai. A kanta ake neman Z15, wato SS 454, da LS6 ɗin kansa, domin akwai SS 454 mai injin LS5 na ƙarfin doki 360, alhali LS6 yana da 450, kuma tazarar kuɗinsu babba ce. Sai Protect-O-Plate, ɗan farantin ƙarfe da ke manne a littafin garanti, mai ɗauke da VIN da lambobin inji da giya da sunan wanda ya fara saye. Sai rasit ɗin dillalin farko da takardun mallakar waɗanda ta ratsa hannunsu. Lamarin kamar fili ne a cikin gari, ginin da ke kai ba ya hana a tambaye ka takardar mallaka. Amma ka sani su ma takardun ana buga na jabu, a tsufar da su har su yi ja kamar sun shekara hamsin a ƙarƙashin kujera. Hoton takarda a WhatsApp ba hujja ba ne, sai wanda ya san yadda kowace masana'anta take buga tata ya riƙe ta a hannu.

Yanzu jikin injin, inda na fi so ka mai da hankali. A gaban injin ta ɓangaren dama akwai wani ɗan fili mai santsi, bai fi faɗin yatsu biyu ba, inda aka buga lambobi. Duk manyan injinan nan a Tonawanda ta jihar New York aka harhaɗa su, don haka rubutun da T yake farawa, sai wata da rana, sai haruffa uku. Misali T0415CRV yana nufin 15 ga Afrilu, LS6 mai giyar hannu. CRR kuma LS6 ne mai giyar otomatik. Kusa da shi, ko a wasu motocin ƙasa wajen matatar mai, akwai guntun VIN na motar, wanda dole lambobinsa shida na ƙarshe su yi daidai da na gaban gilashi. Irin wannan guntun yana jikin giyabos ma. Masu maguɗi sun san duk wannan, sai su kankare filin su buga sababbin lambobi. Abin da ke tona musu asiri shi ne fuskar ƙarfen. Na'urar da ke kankare filin a masana'anta tana barin siraran layuka miƙaƙƙu daga gaba zuwa baya, ana ganinsu in an goge fenti an haska fitila ta gefe. In aka ga layukan sun lanƙwasa kamar da'ira, ko filin ya yi sumul, ko an dama masa fenti mai kauri an ƙi yarda a goge, to an taɓa shi.

Sai a jera kwanakin. A bayan injin akwai ranar da aka zuba ƙarfensa, harafi na wata, A Janairu, B Fabrairu, haka har ƙasa. A farantin da ke ƙarƙashin bonet kusa da gilashi akwai makon da aka yi bodin, 04C na nufin mako na uku na Afrilu. Dole zubin ƙarfe ya riga harhaɗa inji, harhaɗa inji ya riga bodi, da tazarar kwanaki ko 'yan makonni. Injin da aka zuba bayan motar ta bar masana'anta ba nata ba ne, komai kyawun lambobin da ke kansa. Za a kuma duba kusoshin da suka riƙe farantin VIN, da ɓoyayyen guntun VIN da aka buga a jikin bodin, da alamar walda a kewayensu. Akwai masu cire faranti daga ruɓaɓɓiyar LS6 ta gaskiya su manna wa lafiyayyen bodin Malibu. Wannan ya wuce batun asarar riba, domin sauya VIN laifi ne a dokar tarayyar Amurka, kuma hukuma na iya ƙwace motar a hannun wanda aka same ta.

Kai ba za ka iya wannan binciken daga nesa ba, abokinka na Ohio ma ba zai iya ba, kuma in yana da la'ada a cinikin bai kamata ya zama shi ne idonka ba. Nemi masanin Chevelle na musamman, ba makanike na gama-gari ba, kai za ka zaɓe shi, kai za ka biya shi har kuɗin jirginsa, ya ba ka rahoto a rubuce da hotuna da sa hannunsa. Ƙungiyoyin masu Chevelle da masu inshorar tsofaffin motoci irin Hagerty wurare ne na fara tambaya. Wannan rahoton zai sake yi maka aiki ranar sayarwa, domin wanda zai saya daga hannunka irin tambayoyin nan zai yi maka. Mai motar da ya ƙi yarda a ɗaga ta a leƙa ƙarƙashinta ya riga ya ba ka amsa.

Ta fannin kuɗi, kafin alƙalami ya zauna a hannun amintaccen kamfanin riƙon kuɗi ko lauya, da sharaɗin za a dawo maka da shi in bincike bai gamsar ba. Takardar ciniki ta faɗa a fili cewa motar LS6 ce daga masana'anta kuma injin da ke cikinta shi ne wanda ta fito da shi. Kalmomi irin “an ce” ko “muna kyautata zato” ba su da amfani a gaban alƙali. Sunan da ke kan takardar mallaka ya zama na wanda ke karɓar kuɗin. Ka kuma sake lissafin ribar: gidan gwanjo yana cire kasonsa daga mai sayarwa, yana ɗora wa mai saye nasa, wanda ke rage abin da mutane za su taya, ga kuɗin ajiya da inshora da jigila. Wannan ba Corolla ba ce da za ta fita cikin mako biyu, jarinka zai iya kwanciya wata da watanni. In tunanin kawo ta gida ya zo maka, fara tambayar wakilinka na kwastan game da dokar shekarun mota, ka kuma tuna masu biyan kuɗin LS6 a can suke.

Abokan jarinka kuwa, ka zaunar da su tun yanzu. Sun ba ka kuɗinsu ne don harkar da suka san ka ƙware a kanta, wannan kuwa wata harka ce daban, hakkinsu ne su sani kafin a taɓa kuɗin. Idan bincike ya nuna motar ta kwaikwayo ce mai kyau kuma har yanzu tana ranka, duba abin da irinta suka yi a gwanjon Mecum da Barrett-Jackson cikin shekarar nan, ka taya a kan wannan, ka kuma sayar da ita da sunanta na gaskiya.