Allon hawan igiyar ruwa na farko: da me zan haɗa shi, fiffike nawa zan sa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a zangon Takoradi, ƙasar Ghana. Duk lokacin da na je Busua nakan ga samari suna hawan igiyar teku a kan allo, har wani ya ara mini nasa na gwada sau uku, abin ya shiga raina. Sabo ya fi ƙarfin aljihuna, na hannu kuma ba ya samuwa. Ina da kayan aiki da fili a bayan shago. Da me ake yin allon nan? Farin soson da ake naɗo firij a ciki zai yi? Sannan na ga wasu da fiffike ɗaya a ƙasa, wasu uku. Wanne zan sa? Nauyina kilo 72.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin tambayar nan, don wanda hannunsa ya saba da zarto da samfefa ya riga ya ci rabin aikin. Sauran rabin kuwa na sanin abin da ke jituwa da wane ne, kuma a nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Allon zamani abu uku ne: soso mai tauri a ciki, ƙyallen faiba a lulluɓe da shi, sai ruwan rezin da ke jiƙa ƙyallen ya daskare ya zama ɓawo. Soson iri biyu ne. Akwai na foliyuretan, wanda masu sana'ar ke kira PU, ana sayar da shi an riga an zubo shi da siffar allo. Daɗin ferewa gare shi, amma a gaɓar Afirka ta Yamma sai an yi odarsa daga waje, kuɗin dako kaɗai ya isa ya sa ka fasa. Akwai kuma EPS, farin nan mai ƙwayoyi da ka ambata. Shekaru da dama PU ne ke mulkin sana'ar, har ranar 5 ga Disamba 2005 da kamfanin Clark Foam na Kalifoniya, wanda yawancin masu fere allo a Amurka suka dogara da shi, ya rufe ba zato ba tsammani. Dole ta sa jama'a da yawa suka koma EPS, kuma daga nan aka ƙware a kansa. Kai ma shi nake ba ka shawara, domin shi za ka samu.

Sai dai ba na kwalin firij ba. Wancan gutsattsari ne, kuma ya yi sakwa-sakwa da yawa. Ka danna da yatsa ka ga ramin ya zauna. Ka je wurin masu sayar da kayan gini ko masu haɗa ɗakin sanyi ka nemi dunƙule guda, mai nauyin kilo 24 zuwa 32 a kowace mita kubik. Idan mai shago bai san adadin ba, ka auna tsawo da faɗi da kauri, ka ɗora a sikeli, ka yi lissafin da kanka. Shuɗin ko ruwan hodar nan mai santsi da ake kira XPS ka bar shi, yakan fitar da iska idan ya ji rana, faibar ta ɗago ta rabu da shi.

Ga maganar da nake so ka riƙe fiye da komai a amsar nan. Rezin ma iri biyu ne, foliyesta da ifoksi. Foliyesta shi ne mai arha mai ƙarfin wari, wanda masu gyaran kwalekwale da tankin ruwa ke aiki da shi, kuma shi za a fara miƙo maka idan ka ce kana son rezin. A cikinsa akwai sinadarin sitayirin, wanda ke narkar da EPS nan take, kamar ka zuba ruwan zafi a kan sukari. Aikin mako biyu sai ya zama kwaɓaɓɓen abu a gaban idonka. EPS sai ifoksi, babu sassauci. Kome mai shago ya rantse maka, ka ɗiga kaɗan a kan guntun soso ka jira kafin ka kusanci allonka. Ifoksin ma ba na 'yar kwalbar nan mai kamawa cikin minti biyar ba, ba kuma mai kaurin da ake zubawa a kan tebur ba; wanda aka yi don jiƙa faiba za ka nema. Yawancinsa kashi biyu na rezin ne da kashi ɗaya na madaskari, wato ruwan da ke sa shi daskarewa, amma ka bi abin da ke jikin gwangwanin daidai wa daida. Ƙara madaskari ba ya sa shi saurin kamawa, sai dai ya bar maka shi da danƙo har abada. Wajen lita 3 zai ishe ka.

Ƙyallen faiba ka nemi saƙaƙƙe, mai kama da yadi, mai awon oza 6. Wanda zarensa ke barbaje kamar tabarmar gashi na masu tanki ne, yana shan rezin ba kaɗan ba, kuma ba ya kwanciya da ifoksi. Shimfiɗa biyu a sama inda za ka taka, ɗaya a ƙasa, kowace ta naɗo gefen allon ta hau ɗaya fuskar da kamar inci biyu. Wannan naɗin gefen shi ne ƙarfin allo. Yadi 9 mai faɗin inci 30 zai wadatar.

Kafin ferewa, ka raba dunƙulen gida biyu a tsaye, ka sa siririn katako mai kaurin milimita 4 zuwa 6 a tsakiya, ka manne. Shi ne ƙashin bayan allon, kuma a jikinsa za ka fara yanke lanƙwasar da hanci da wutsiya za su bi. Falankin filawud mai kyau ya isa. A Ghana kuma kuna da itacen da ake kira wawa, wanda a Najeriya ake ce wa obece, mara nauyi, mai sauƙin aiki. Da shi masunta ke sassaƙa manyan kwalekwalen da kake gani a bakin tekunku. Na so ƙwarai in ce ka yi allon gaba ɗaya da katako mai rami a ciki, irin wanda Tom Blake, wani Ba'amurke mai hawan igiya, ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1920, tunda sana'arka ce, kuma babu allon da ya kai shi kyau a ido. Amma aikin haƙarƙari da toshe kafar ruwa yana da yawa, ka ajiye shi ya zama na biyu.

Girman fa? Zuciya za ta raya maka ka kwaikwayi ɗan gajeren nan mai tsinin hanci da ƙwararru ke hawa. Kada ka biye mata. Mai kilo 72 da ya hau sau uku yana bukatar tsawon ƙafa 8, faɗin inci 22, kaurin inci 3, hanci a zagaye. Wannan zai ba ka wajen lita 60, ya ɗauke ka sosai, ka riƙa kama igiya tun tana ƙarama. Babban allo kuma yana yafe kuskuren hannu: milimita biyu da suka karkace ba za ka ji su a ruwa ba.

Yanzu fiffike. Allunan Hawai na dā ba su da shi sam, mai hawa kan ja ƙafa a ruwa don ya juya. Tom Blake ɗin nan ne ya fara ɗaura wa allo fiffike a 1935. Fiffike biyu ya yi tashe da Mark Richards na Ostireliya, wanda ya ci kambun duniya sau huɗu a jere daga 1979 zuwa 1982. Ukun da ka gani kuwa Simon Anderson, shi ma ɗan Ostireliya, ne ya ƙirƙiro a 1980, ya ci gasar Bells Beach da shi a 1981, daga nan duniya ta bi. Uku yana ba da riƙo da kaifin juyi a kan gajeren allo, amma yana da sharuɗɗa: na gefe biyun sai sun ɗan karkato wajen hanci da kamar rubu'in inci, sun kuma buɗe waje da digiri 6 zuwa 8, kuma su zo daidai da juna kamar tagwaye. Ɗaya ya kauce, allon zai riƙa ja gefe kamar mota mai matsalar sitiyari. Kwasfan FCS da na Futures, waɗanda ake cusa fiffike a cire, suna son ma'auni na musamman da injin fafe rami, ga shi fiffiken wannan ba ya shiga kwasfar wancan.

Saboda haka ɗaya za ka sa, a tsakiya, a kan ƙashin baya. Yana tafiya miƙe, ba ya cin gudu, juyinsa a hankali, abin da mai koyo ke bukata ke nan. Ƙa'idar da aka saba ita ce inci ɗaya na fiffike ga kowace ƙafa ta allo, wato naka inci 8. Idan ka samu dogon akwatin fiffike na inci 10 da rabi, shi ya fi: za ka iya matsar da fiffiken gaba don saurin juyi ko baya don natsuwa, ka kuma cire shi idan za ka ɗora allon a mota zuwa Busua. Ƙarshen akwatin ya tsaya kamar inci 5 daga wutsiya. Ka dasa masa guntun katako hagu da dama, don EPS kaɗai ba ya riƙe shi. Ka kiyayi tara ifoksi da yawa a ramin, domin yana ɗaukar zafi yayin daskarewa har ya narkar da soson ta ciki; ka fafe ramin daidai jikin akwatin, ka yi aikin da sanyin yamma.

In akwatin bai samu ba, kai kafinta ne. Ka yanke fiffiken daga filawud na milimita 10, ka goge fuskokin biyu iri ɗaya, gaba a dunƙule, baya ya sirance, ka lulluɓe shi da faiba. Bayan ka gama shimfiɗar ƙasa sai ka kafa shi da kusurwar awo, ka kwantar da zaren faiba a gindinsa ta kowane gefe, ka bi da ƙyalle uku-uku masu hawa jikinsa. Bakinsa kada ka bar shi da kaifi, yana yanka mutum a ruwa kamar wuƙa.

Lafiyarka ma abar dubawa ce. Safar hannu duk lokacin da za ka taɓa ifoksi, don jiki kan ɗauki ƙyamarsa a hankali, kuma in ya ɗauka ba ya saki. Takunkumi mai kyau wajen guga, ƙurar faiba ba ta huhu ba ce. Ka shimfiɗa faibar lokacin da zafin rana ke sauka, saboda soso mai ɗumama yana huro iska ya cika maka aikin da ƙananan ƙofofi. Da laimar bakin teku ifoksi kan fitar da wani maiƙo a fuska bayan ya bushe. Ka wanke da ruwa ka goge kafin shafi na gaba. Ka bar allon fari, kada ka yashe shi a rana ko cikin rufaffiyar mota. Kada ka manta da gurbin ɗaura igiyar ƙafa kusa da wutsiya. Kuma ranar da ya fashe, ko da tsagar farce ce, ka fito da shi nan da nan, domin EPS na shan ruwa ta tsakanin ƙwayoyinsa. Ka bar shi a inuwa ya tsane kwana biyu ko uku kafin ka toshe.