Me ya sa ɗan sanda ba ya harbin ƙafa?

Tambaya: Ina sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Duk ranar da aka ce ɗan sanda ya harbe wani, sai gardama ta kaure a rumfarmu. Tunda an horar da shi, me ya hana shi harbin ƙafa ko hannu? Ko dama kisan yake nufi?

Amsa: Malam, harbin ƙafa da gangan abu ne da ba kasafai yake yiwuwa ba. A filin atisaye allo ake harbi, yana tsaye wuri guda. A titi kuwa mutum yana gudu, dare ya yi, zuciyar mai bindigar tana bugawa, hannunsa yana rawa. Cibiyar bincike ta RAND ta duba alƙaluman 'yan sandan birnin Niyok na Amurka daga 1998 zuwa 2006, ta gano cewa a musayar wuta kashi 18 cikin 100 ne kawai na harsasansu ke samun wanda aka nufa. Ko da ba a mayar musu da wuta ba, abin bai wuce kusan kashi 30 ba. A 1999, 'yan sanda huɗu a birnin suka yi wa Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini wanda ba shi da makami, harbi 41 a ƙofar gidansu, 19 suka same shi. Shi ya sa ake koya musu saita ƙirji, don nan ne mafi faɗi.

Kuma ƙafar ma ba ta da tabbas. Akwai babbar jijiyar jini a cinya, in harsashi ya tsinka ta, mutum na iya cikawa cikin 'yan mintuna.

Abin da ya fi damuna shi ne harsasan da suka kuskure. Ina suke zuwa? Bindigar da muke gani a shingayen bincike a Legas AK-47 ce, makamin yaƙi, harsashinta yana tafiyar mita 700 da wani abu a daƙiƙa guda, yana huda ƙofar mota da katangar langa-langa. Ka auna a harba ta a Agege ko Oshodi da yamma, ga 'yan acaɓa, ga masu talla, ga yara. Haka Kolade Johnson ya rasu a Mangoro a Maris 2019, ya je kallon ƙwallo.

Saboda haka dokar duniya ba ta tsaya kan inda za a harba ba, ta tsaya kan yaushe. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 sun ce kada jami'i ya yi kisa da gangan sai in babu wata hanyar ceton rai. Rundunar 'yan sandan Najeriya ta gyara umarninta mai lamba 237, wanda ya shafi amfani da bindiga, a 2019 don ya dace da wannan, amma sashe na 33 na kundin tsarin mulki har yanzu yana halatta kisa don kare dukiya ko hana tserewa, kuma a ganina wannan ƙofa ta yi faɗi da yawa.

Direban da ya ƙi tsayawa a shinge bai cancanci harsashi ba, a ƙafa ko a taya. Jami'in da ya harbe lauya Bolanle Raheem a Ajah ranar Kirsimeti ta 2022, babbar kotun Legas ta yanke masa hukuncin kisa a 2023.