Abin da ya sa ba mu sayar da rumfar kakanka ba

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce da kakanka ya rasu an raba gida da gona amma ba a taɓa rumfar nama ba, kana tambaya ko al'adar rundawa, wato mu mahauta, ce ta hana, ko haƙƙin wasu aka danne.

Ba a danne na kowa ba. An kira malami, an yi wa rumfa da kayanta kuɗi, an faɗa wa kowa rabonsa, har gwaggwanninka. Mu da kanmu muka yarda ta zauna hannun babban yayanmu, ana fitar wa kowa nasa daga riba. Al'ada ba ta ture rabon da Allah Ya yi.

Amma ka duba abin da ke cikin rumfar: tebur, wuƙaƙe, gatari, sikeli. Duk ka haɗa ba su sayi maraƙi ba. Abin da tsoho ya bar mana suna ne. Fawa da bashi take tafiya. Yakan shiga Kara nan Sakkwato, ko ya tafi Acida ko Illela ranar kasuwa, dillali ya damƙa masa bokolo ba takarda ba shaida, sai ya yanka ya sayar sannan ya kawo kuɗi. Ranar da nama ya kwana aka faɗi, ya sha sayar da akuyar gida don kada alkawari ya tashi. Yau ɗiyan dillalan nan su ke ba mu shanu a kan wannan yarda. Wa zai saye ta a hannunmu?

Sai ido. Ina yaro ya kama hannuna ya ɗora a gindin wutsiyar wani sa, ya ce in matsa, ya mayar da shi kan tozo, sannan ƙirji. Ya faɗi kashi nawa na nama za a samu, aka feɗe, kusan haka aka tarar. Na yi shekaru kafin hannuna ya fara ji. Haka fiɗa: jar akuyar Sakkwato fatarta kuɗi ce, wuƙa ta huda ta ka zubar da rabin ribarka.

Wasu abubuwan sun tafi, kuma ina kewarsu. Da can mai kalangu kan zagaya unguwa da yamma, mata na jin kiɗan sun san gobe akwai nama mai kitse. Hawan ƙaho ma ya ja baya. Sarkin Fawa dai yana nan, in rigima ta tashi tsakanin mahauta gabansa ake fara zuwa.

Ba wanda zai cire ka daga karatu, ni na fi kowa son ka gama. Maganar firiza mai aiki da sola da ka kawo ma na kai wa baffanka, ya ce ka zo ku zauna. In an yi hutu ka taho, da asuba mu tafi kwata tare. Ka zo da tsohuwar riga.