Kafin ka raɗa mata suna

Ka ce bakteriyar nan mai launin ruwan goro da ta tsiro a farantinka, daga ruwan tekun da aka kawo mana, ba ka gan ta a littafi ba, ko sabuwa ce? Har na ji kana neman sunan da za ka sa mata. Sannu, ɗana, da sauran tafiya.

Fara tabbatar da cewa ita kaɗai ce. Ɗebo ɗigo guda da wayar nan mai zobe, ka ja a sabon farantin Marine Agar 2216, wato abincin renon bakteriyar teku, in ta tsiro ka sake, har sau uku. Ni da kake gani na taɓa ɓata wata biyu a kan wata "sabuwa", ashe iri biyu ne a cakuɗe, ɗayar ma daga hannuna ta shiga. Sai ka yi mata rinin Gram, wanda ke raba bakteriya gida biyu, ka duba siffarta a madubin likita, sanda ce ko ƙwallo. Gwada ta kuma da gishiri. Ruwan teku na da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. In ta yi ƙiba a farantin da ba gishiri ko kaɗan, yi hattara, wataƙila kogi ne ya koro ta daga tudu.

Launi da siffa ba sa yanke hukunci, domin masu kama da juna sun yi yawa. Alƙalin shi ne DNA. Za mu karanta wani sashe na DNA ɗinta da ake kira 16S, mai harafi kusan 1,500, mu kwatanta da na waɗanda aka sani. In kamanninta da 'yar'uwarta mafi kusa bai kai kashi 98.7 cikin 100 ba, to ka fara murmushi. In ya wuce haka, sai an karanta DNA ɗinta gaba ɗaya; a nan, in kamannin ya yi ƙasa da kashi 95 zuwa 96 ne ake cewa jinsi daban.

Ko ta tsallake wannan, sai an ajiye ta da rai a ma'ajiya biyu a ƙasashe biyu, misali DSMZ a Jamus da JCM a Japan, sannan sunan, da Latin, ya fito a mujallar IJSEM. Kuma ba a sa mata sunan kai, kada ka sa rai.

Ka ma gode ta yarda ta tsiro. Wata bakteriya mai suna SAR11, wadda ta cika tekuna, tun 1990 aka ga DNA ɗinta a Tekun Sargasso, amma sai 2002 aka iya renonta.

Yanzu je ka zuba kaɗan a giliserin ka sa a firizar nan mai sanyin digiri -80, kafin wutar nan ta sake ɗaukewa.